Maganin farfaɗiya: wanne ya dace da mai ciwon, wanne aljihu zai iya riƙewa?

Ƙanwata tana da shekara 11 ta fara faɗuwa, a tsakar gidanmu a Birni, dab da murhu. Inna ta rugo da cokali za ta cusa mata a baki, maƙwabta kuwa suka ja da baya, wai yawun yana ɗaukar mutum. Duka biyun kuskure ne. Sai da muka yi shekara guda muna rubutu da hayaƙi kafin mu kai ta babban asibitin Damagaram, kuma tun daga ranar ni ke sayo mata magani.

Kada ka sayi komai sai likita ya tabbatar da ciwon. Yawanci ana kiransa farfaɗiya ne idan faɗuwar ta maimaitu, tsakani ya wuce awa 24, ba tare da wani dalili na nan take ba. Yaron da ya sanƙame saboda zafin zazzaɓi lamarinsa daban ne. In farfaɗiyar ta tashi, a kwantar da mutum a gefensa, wani ya ɗauki bidiyo da waya, domin likita ba ya wurin. Idan ya nemi gwajin ƙwaƙwalwa na EEG, a yi.

Maganin da aka fi sani shi ne fenobarbital, wato Gardénal. Tun 1912 ake amfani da shi, ya fi sauran araha, kuma galibi sau ɗaya ake sha da dare. Illarsa kasala da barci ga manya. Wasu yara kuma sai ya sa su rashin natsuwa, karatu ya ja baya. Da shi ƙanwata ta fara. Faɗuwar ta ragu, amma sai ka same ta tana gyangyaɗi a kan littafi.

Karbamazefin, Tégrétol, yana aiki sosai ga farfaɗiyar da ke farawa daga sashe ɗaya na ƙwaƙwalwa. Sai dai yana iya ƙara tsananta irin wadda yaro ke ƙura ido na ƴan daƙiƙoƙi kamar ya tafi tunani. In ƙuraje suka feso a makonnin farko, a koma asibiti a ranar. Shi da Gardénal duk suna rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa, abin da mata da yawa ba a faɗa musu ba.

Dépakine, wato balfurowat, ya fi su faɗin aiki, akwai kuma na ruwa don yara. A nan ne nake roƙon iyaye su tsaya. Idan mace ta sha shi da ciki, kusan jariri 1 cikin 10 na zuwa da nakasa. Da ƙanwata ta isa aure, likita ya zaunar da mu, a hankali ya mayar da ita daga Dépakine zuwa Keppra, wato lebetirasetam, wanda haɗarinsa ga ciki ya fi ƙanƙanta. Yana da tsada, ba kowace farmasi ke ajiye shi ba, wasu kuma yana sa su saurin fushi. Wadda ta samu ciki tana kan magani kada ta daina da kanta, ta je wurin likita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu ciwon za su iya rabuwa da faɗuwa in sun samu maganin da ya dace. Sharaɗin shi ne kada ya yanke, domin tsayar da shi farat ɗaya kan jawo faɗuwar da ba ta tsayawa. Duk faɗuwar da ta wuce minti 5, asibiti kai tsaye. Saboda haka ka faɗa wa likita gaskiyar aljihunka, ka tambayi mai farmasi ko akwai jenerik, wato irin maganin dai amma ba na babban kamfanin ba, mai sauƙin kuɗi. Na tebur da ke shan rana a kasuwa kuwa, ko kyauta aka ba ni ba na karɓa.

A gidanmu, da zarar ƙwayoyin sun rage na mako guda, sai ta miƙo mini kwalin da ordonansi, wato takardar likita: "Yaya, ga shi, ya kusa ƙarewa." Ranar nake hawa kabu-kabu, kuma in farmasi ta farko babu, in wuce ta gaba.