Na sayi madubin hangen nesa don in ga Ida

Hoto ɗaya ne ya ci mini kuɗi. Wani dare ina shirya darasin da zan koya wa 'yan babban aji kan duniyoyin da ke kewaya rana, sai na ci karo da hoton wani dutse mai siffar dankali, jikinsa duk ramuka kamar wanda ya yi agana, ga wani ɗan mitsitsin ƙwallo a gefensa. Sunan dutsen Ida, lambarsa 243 a jerin duwatsun da ke yawo tsakanin Mirriku da Mushtari, wanda yara suka fi sani da Jupita. Kumbon Galileo na Amurka ne ya ɗauki hoton ranar 28 ga Agusta 1993, a kan hanyarsa ta zuwa Jupita, lokacin da ya gifta ta kusa da dutsen da tazarar kilomita 2,400. Ɗan ƙwallon nan kuwa watansa ne, ana kiransa Dactyl, faɗinsa bai kai kilomita 2 ba, kuma shi ne wata na farko da aka tabbatar yana kewaya irin waɗannan duwatsu. Dutse mai watan kansa! Na kwana da abin a raina, na ce ni ma sai na gani da idona.

To, wannan bayani ne kan madubin da na saya saboda wannan buri, domin tun da na sa hotonsa a waya abokan aiki ke tambayata ko su ma su saya.

A wani shagon kayan lantarki na same shi, an jingina kwalin a bayan fankoki. Babu wani sunan kamfani na kirki a jikinsa, sai hotuna: ga Zuhal da zobensa cikin launi, ga tarin taurari kamar an watsa gero, sannan da manyan lambobi an rubuta yana kusanto da abu sau 300. Na tambayi yaron shagon ko ana ganin duwatsun sama da shi. Ya ce, "Haba Malam, wannan ai har tutar da Turawa suka kafa a wata za ka gani." Na san ƙarya yake, don babu madubin da ke doron ƙasa da ke nuna wannan tutar, amma kwaɗayi mabuɗin wahala. Muka yi ciniki na biya abin da ya kusa kai rabin albashina na wata. Uwargida ta dubi kwalin, ta dube ni, ta ce, "Malam, wannan kuma na mene ne, bindiga?"

Abin da ke ciki: bututu mai gilashin gaba faɗin milimita 70, tsawon tattara haskensa milimita 400, gilasan ido uku, na milimita 20 da 10 da 4, wani ɗan bututun roba da aka ce yana ninka ƙarfi sau uku, ƙaramin madubin saiti a saman bututun, da sanda mai ƙafa uku ta alminiyam. Lissafin ba wuya. Ka raba 400 da lambar gilashin ido: na 20 ya ba ka sau 20, na 10 sau 40, na 4 sau 100. Ka ɗora bututun robar a kan na 4 ɗin, ga sau 300 ɗin da ke jikin kwali. Wato ba su yi ƙarya a lissafi ba, a amfani suka yi ta. Ƙa'idar da masu wannan sana'a suke bi ita ce, iyakar kusantowar da za ta yi amfani ba ta wuce ninki biyu na faɗin gilashin gaba a milimita. Madubi mai 70 ke nan ya tsaya a wajen sau 140, shi ma idan gilashin mai kyau ne. Da na gwada sau 300 a kan wata, abin da na gani kamar kunu aka zuba a faranti. Tun ranar na jefa bututun robar da gilashin 4 cikin akwati, ban sake waiwayarsu ba.

Ƙafar nan uku ita ce babban ciwon kai. Gajera ce, ko an miƙe ta duka ba ta wuce ƙirjina, kuma ba ta da nauyi ko kaɗan. Ka taɓa maɓallin daidaita gani, sai tauraro ya kama rawa na daƙiƙa huɗu ko biyar kafin ya nutsu. Ka saita abu, ka ɗaure kusa, kana sakin hannu bututun ya sunkuya, abin ya fita daga gani. Dabarar da na yi daga baya ita ce na cika galan da yashi na rataya a tsakiyar ƙafafun. Rawar ta ragu sosai, sai dai duk wanda ya gan ni da shi sai ya yi dariya. Madubin saitin kuma roba ne zalla. Sai da na ɓata yamma guda ina daidaita shi da hasumiyar masallacin unguwarmu, washegari yaro ya ɗan buge shi, aiki ya koma sabo.

A cikin gari na fara gwaji, farkon Disamban 2023, kuma ban ji daɗi ba. Ga hazo, ga fitilun masu shayi, ga hayaƙin janareta. Daren da aka ɗauke wuta ne kawai na ga wani abin kirki, karo na farko a rayuwata da na yi murna da ɗaukewar wuta. Da aka yi hutu sai na ɗaure kwalin a bayan mota muka tafi ƙauye wajen Inna. A tsakiyar watan ne, jinjirin wata bai daɗe da tsayuwa ba, yana faɗuwa da wuri, kuma aka yi sa'a hazon ya lafa kwana uku.

A nan madubin ya fanshi kansa. Da gilashin 10, ramukan wata suka fito tar a bakin layin da haske ya haɗu da duhu, kowane rami da inuwarsa. Akwai ɗan shuɗi-shuɗi da ke zagaye gefen watan, aibin gilashi mai araha ne, amma ido na sabawa. Jupita ya fito ɗan faifai fari, da ɗigo huɗu a jere a gefensa, watanninsa ke nan da Galileo mutumin Italiya ya gani a 1610, wanda aka sa wa kumbon nan sunansa. Zuhal ƙarami ne ƙwarai, bai kai ƙwayar shinkafa ba, amma zoben na nan, ba tantama. Kawuna, wanda ya zo yana cewa aikin banza ne, ya durƙusa ya leƙa ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago ya ce, "Kai ɗan nan, ba liƙa hoton ka yi a ciki ba?" Sai da ya zagaya ya leƙa bakin bututun da tocila. Kaza da 'ya'yanta kuwa, da gilashin 20, maimakon shida ko bakwai da ido ke ƙirgawa, sai ga taurari gomiya sun cika gani. Da asuba na juya kan Gamzaki, na ga ashe ba zagayayye ba ne cif, gefe ɗaya a shafe yake kamar watan da ya kwana goma.

Saura duwatsu. Na yi amfani da Stellarium, manhajar kyauta da ke nuna taswirar sama ta kowane wuri da kowane lokaci, kuma ana iya shigar mata da bayanan hanyoyin duwatsun nan. Ta nuna mini cewa Vesta, wanda ya fi duk duwatsun haske, yana saman tarin taurarin da ake kira Oriyon, dab da lokacin da duniyarmu za ta shiga tsakaninsa da rana a ranar 21 ga watan. Vesta babba ne, faɗinsa ya haura kilomita 500, an gano shi tun 1807.

Neman sa ya ci mini dare biyu. Wajen tsakar dare yana kusan tsakar ka, kuma madubin nan ba a yi shi don kallon tsakar ka ba. Na shimfiɗa tabarma na durƙusa, wuya a karye, sanyi na shiga ta ƙafar wando, na rufe tocila da jar leda don kada haske ya kashe mini ido. Na bi taurari ɗaya bayan ɗaya daga wanda na sani, ina duba waya ina duba gilashi, har na isa wurin. Me na gani? Ɗigo. Ɗigon haske kamar sauran, ba siffa, ba rami, ba komai. Shi ya sa ma masanin taurari William Herschel ya raɗa wa waɗannan duwatsu suna a 1802 da kalmar Girkanci mai nufin "mai kama da tauraro". Sai na ɗauki fensir na zana ɗigo tara da ke cikin ganin a bayan takardar jarrabawa, yatsuna na karkarwa. Washegari da dare na koma wurin da takardar a hannu. Takwas suna inda na bar su. Na tara ya matsa yamma, kimanin rabin faɗin wata. Na kira ƙaramar 'yata, wadda ta ƙi barci, ta leƙa ta ce, "Baba, wannan ɗin ne duk kake ta shan sanyi a kansa?" Shi ne. Ni dai na ji abin har cikin ƙashina, don ta wannan hanyar ce masanin taurari Giuseppe Piazzi ya gane Ceres, na farkon duwatsun nan da aka gano, a Palermo ta Italiya cikin Janairun 1801: ɗigon da ya ƙi zama wuri ɗaya.

Ida fa? Ban gan shi ba, kuma madubin nan ba zai taɓa nuna shi ba. Da na yi lissafin tun kafin in je shago da na sani. Masana taurari suna auna haske da wani ma'auni mai tafiya a juye, lamba na ƙaruwa haske na raguwa, kuma kowane mataki biyar ninki ɗari ne. Ido lafiyayye a duhun ƙauye yana kaiwa 6. Vesta a wancan watan yana wajen 6 da rabi, shi ya sa ya zo da sauƙi. Gilashi mai milimita 70 yana kaiwa wajen 11 idan sama ta yi garau. Ida kuwa, ko a lokacin da ya fi kusa da mu, yana tsakanin 13 da 14 ne, wato ya fi abin da madubina ke iya kamawa dishewa kimanin sau goma. Kusantowa ba ta da amfani a nan ko sau dubu ce. Faɗin baki ake nema, kamar mai taren ruwan sama: mai baho da mai kofi ba ɗaya ba ne. Wanda ke son Ida sai ya nemi madubi mai faɗin milimita 250 ko fiye, da sama mai duhu, kuma shi ma ɗigo zai gani.

Dalilin dishewar biyu ne, ƙanƙanta da nisa. Tsawon Ida kusan kilomita 60 ne, bai kai rabin hanyar Kano zuwa Zariya ba, faɗinsa kuma wajen 25. Yana can ɓangaren waje na zoben duwatsun, kimanin kilomita miliyan 428 daga rana, yana gama zagaye ɗaya cikin shekara 4 da wata 10, yana kuma juyawa a kan kansa cikin awa 4 da minti 38. Hasken rana sai ya je can, ɗan abin da dutsen ya mayar ya sake yo doguwar tafiya zuwa nan. Wani abin da ya ba ni sha'awa, a wannan yanki yawancin duwatsun baƙaƙe ne kamar gawayi. Ida na cikin 'yan tsirarun da ke dutse sosai, masu ɗan haske, irin sinadarin tsakuwar da ke faɗowa daga sama. Ɗan gidan Koronis ne, tarin ɓaraguzan wani babban dutse da ya tarwatse a karo tun da daɗewa, kuma wani masani ɗan Japan, Kiyotsugu Hirayama, shi ya fara lura a 1918 cewa hanyoyinsu sun yi kama da juna har ya kira su dangi. Da Ida baƙi ne kamar maƙwabtansa, da ya fi haka ɓuya.

Na ƙara girmama Johann Palisa bayan daren nan biyu. Shi ya gano Ida a Biyana ta ƙasar Ostiriya ranar 29 ga Satumba 1884, da ido a bakin madubi da taswira, ba hoto ba kwamfuta, kuma duwatsu 122 ya gano a rayuwarsa ta haka. Ni guda ɗaya mafi haske na nema, waya na nuna mini inda yake, amma sai da wuyana ya yi kwana uku yana ciwo. Su ma masu Galileo ba su samu hoton nan a ɓagas ba. Babbar eriyar kumbon ta ƙi buɗewa tun 1991, dole aka riƙa turo hotunan kaɗan-kaɗan ta ƙaramar eriya, shi ya sa sai a Fabrairun 1994, kusan wata shida bayan giftawar, wata ma'aikaciya mai suna Ann Harch ta lura da ɗan watan a cikinsu.

In ka tambaye ni ko ka saya, sai in ce ya danganta da abin da kake nema. Don wata, da watannin Jupita, da zoben Zuhal, da nuna wa yara cewa abin da ke littafi yana nan a sama, gilashin gaban ya yi aikinsa, ban yi da-na-sani ba. Amma ka sa a ranka cewa gilasan ido biyu kawai ka saya, sauran tarkace ne, kuma za ka nemi wata ƙafar ko ka yi dabarar galan. Don Vesta da Ceres kaɗai, tabaran hangen nesa na hannu mai lamba 10 da 50 zai wadatar, ya fi araha, ya fi sauƙin nema da shi. Kada ka kalli rana da shi ko da wasa, makanta ce nan take, kuma kada ka bar shi a tsakar gida da rana inda yara suke. Lokacin hunturu ka riƙa rufe bakinsa da zarar ka gama. In ƙura ta hau, hure ta za ka yi, kada ka goge da bakin riga kamar yadda na yi har na bar masa zane biyu.

Da na koma shagon neman ƙafa mai nauyi, yaron ya gane ni. Ya ce, "Malam, ka ga tutar?" Na ce ban gani ba. Ya ce to wataƙila iska ta kayar da ita. Ƙafar ma ba su da ita, har yanzu galan ɗin yashi nake ratayawa.