Suks ko rok: wanne za ki ɗauka idan cikin majinyaci a cike yake?

Ƙanwata Dakta, kin ce jarrabawar ƙwarewa ta ƙarato, kin bi babin magungunan sassauta tsoka har sau uku, amma da an kawo miki majinyacin da cikinsa ke cike kuma ake son saka masa bututun numfashi cikin gaggawa, sai suksametoniyam da rokuroniyam su cakuɗe miki. Kika tambaya wanne ya fi. To, ranar jarrabawa tambayar ba za ta zo a wannan siga ba. Za a ajiye miki mutum ne, mai shekara kaza da ciwo kaza, a ce ki zaɓa ki kuma kare zaɓinki. Bari mu jera su gefe da gefe, zan riƙa ce musu suks da rok kamar yadda muke faɗa a ɗakin tiyata.

Fara daga mahaɗar jijiya da tsoka, domin kusan komai daga can ya taso. Suks ba wani abu ba ne illa ƙwayoyin asetilkolin biyu da aka ɗaure wuri ɗaya, asetilkolin kuwa shi ne sinadarin da jijiya ke saki don tsoka ta motsa. Suks yana hawa makarɓin asetilkolin da ke jikin tsoka, ya buɗe ƙofar kamar yadda asetilkolin ke yi, sai ya ƙi sauka da wuri. Tsoka ta yi ɗan tsalle-tsallen nan da kike gani daga fuska har yatsun ƙafa, sannan ta saki, saboda ƙofofin sodiyam da ke kewaye sun kulle, ba sa sake amsawa. Rok kuwa zama kawai yake yi a bakin ƙofar ya tare wuri, yana gasa da asetilkolin, bai buɗe komai ba. Wanda ya buɗe ƙofa shi ke fitar da fotasiyam, shi ke barin ciwon tsoka washegari, musamman ga matasa mata da suka tashi suka yi tafiya da wuri. Wanda ke gasa kuma ana iya rinjayarsa idan aka ƙara yawan asetilkolin, shi ya sa niyostigmin, maganin da ke ƙara yawan asetilkolin, ke warware rok amma yake ƙara wa suks tsawon aiki.

Adadi da sauri. Suks miligiram 1 zuwa 1.5 ne ga kowane kilo, ya kama cikin sakan 30 zuwa 60, ya sake cikin minti 5 zuwa 10. Rok a adadinsa na yau da kullum, 0.6, yana ɗaukar sakan 60 zuwa 90, ya kai wajen rabin awa ko fiye kaɗan. Idan gaggawa ake yi sai a ninka zuwa 1.2, ya kama cikin kusan minti ɗaya, amma fa kin sayi awa guda ko fiye na shanyewa. Bitar Cochrane ta 2015, wadda ta tattara bincike da dama, ta nuna suks ya fi ba da kyakkyawan yanayin saka bututu idan aka haɗa dukkan adadin rok, amma a kan 1.2 ba a ga bambanci na a zo a gani ba. Masu jarrabawa na son su ji dalilin saurin rok: rashin ƙarfinsa ne. Magani marar ƙarfi ana ba da shi da yawa, ƙwayoyi masu yawa kuma sun fi saurin cika mahaɗar. Ga mai ƙiba, suks da nauyinsa na zahiri ake lissafawa, rok da nauyin da ya dace da tsayinsa.

Yadda aikinsu ke ƙarewa ma daban ne. Rok hanta ce ke kwashe mafi yawansa ta zubar ta matsarmama, ƙoda ta fitar da ɗan saura, don haka mai ciwon hanta zai daɗe a shanye. Suks kuwa inzayim ɗin kolinestares na ruwan jini, wanda hanta ke ƙerawa, shi ke cinye mafi yawansa tun kafin ya isa tsoka. Ɗan abin da ya isa kuma sai ya sulale ya koma jini sannan a farfasa shi. A nan lambar dibuken ke shigowa, wato sakamakon gwajin jini da ake yi wa wannan inzayim. Mai lafiyayyen inzayim lambarsa wajen 80 ce, wanda ya gaji gurɓataccen daga ɓangare ɗaya wajen 40 zuwa 60, wanda ya gada daga uwa da uba wajen 20, kuma shi ne zai yi awanni bai motsa ba. Lambar ingancin inzayim take aunawa, ba yawansa ba, nan ake yawan zamewa. Abin yi kuma bai wuce a ci gaba da ba shi maganin barci, a bar shi a kan na'urar numfashi har ya dawo da kansa, daga baya a gwada shi da danginsa.

Yanzu fotasiyam, inda nake so ki daɗe. Ga lafiyayye suks na ɗaga shi da wajen milimol 0.5 a lita, ba abin damuwa ba ne. Matsalar tana ga tsokar da ta rasa saƙon jijiyarta ko ta daɗe ba ta aiki. Irin wannan tsoka sai ta baza sabbin makarɓai a duk faɗin jikinta, irin na ɗan tayi, masu daɗewa a buɗe. Suks ya hau su gaba ɗaya, fotasiyam ya malalo, zuciya ta tsaya. Su wane ne? Mai babbar ƙuna, mai raunin laka, mai shanyewar ɓarin jiki, mai ciwon jijiyoyi na Giyan-Bare, wanda ya yi makonni kwance a sashen kulawa ta musamman. Lokaci shi ne tarkon. Mutumin da ya ƙone awa uku da suka wuce makarɓansa ba su yawaita ba tukuna, ana iya ba shi suks. Wanda ya wuce kwana ɗaya zuwa biyu, a'a, kuma haɗarin na nan har sai ƙunar ta warke sarai. Ba da ɗan ƙaramin adadin rok kafin suks na iya rage tsallen tsoka, amma ba ya hana wannan malala. Tarko na biyu shi ne mai ciwon ƙoda: idan fotasiyam ɗinsa daidai yake, suks bai haramta ba, hawan da zai yi daidai yake da na kowa.

Yaro namiji mai ciwon tsoka na Dushen labarinsa daban ne. Shi tsokar ce ke farfashewa, kuma sau da yawa ba a ma san yana da ciwon ba sai zuciya ta tsaya bayan allura. Wannan ne ya sa hukumar magunguna ta Amurka ta taƙaita suks ga yara zuwa yanayin gaggawa. Idan aka ba ki yaron da zuciyarsa ta tsaya jim kaɗan bayan suks, kalsiyam ya fara fitowa daga bakinki, sannan insulin da gulukos, a kuma dage da danna ƙirji.

Sai mugun zazzafan jikin nan na gado da ake taƙaitawa da MH. Suks da iskokin sa barci masu tururi ne ke tayar da shi, rok ba ruwansa. Lahanin galibi a makarɓin rayanodin na cikin tsoka yake, a kuromosom na 19. Alamar farko hawan iskar kabon a numfashin da ake fitarwa ne duk da kin ƙara shaƙa, tare da saurin bugun zuciya, wani lokacin da ɗaurewar muƙamuƙi. Zafin jiki a makare yake zuwa. Maganinsa dantirolin ne, miligiram 2.5 ga kilo, a maimaita. Sauran laifukan suks ki bi su da sauri: raguwar bugun zuciya ga yara ko bayan allura ta biyu, ɗan hawan matsin ido da na ciki.

Kada wannan dogon lissafi ya sa ki zaci rok waliyyi ne. Shi da suks duka suna sahun gaba cikin magungunan sassauta tsoka masu jawo mummunan borin jiki. Kuma tsawon aikinsa na da nasa haɗarin: allurar barcin da kika bayar ta gushe cikin mintuna, rok na nan daram, majinyaci ya farka yana ji ba ya iya motsi. Magnesiyam da ake ba mai jijjigar ciki kuma na ƙara masa tsawo.

Abin da ya sauya lissafin shi ne sugamadeks, wanda Turai ta amince da shi a 2008, Amurka a ƙarshen 2015. Zobe ne na sukari mai rami a tsakiya, yana haɗiye ƙwayar rok ɗaya bayan ɗaya, ƙoda ta fitar da su tare. Lambobi uku za ki riƙe: miligiram 2 ga kilo idan motsi na biyu ya dawo a gwajin bugu huɗu da ake yi wa jijiya da lantarki, 4 idan babu ko ɗaya sai amsa ɗaya ko biyu bayan dogon bugu, 16 idan yanzu-yanzu kika ba da rok 1.2 kina son warwarewa. Ba ya taɓa suks, ba ya taɓa atirakuriyam, wani maganin sassauta tsoka. Macen da ke shan ƙwayar tsarin iyali a gaya mata ta ɗauka ta tsallake ƙwaya ɗaya, mai ashanar hannu ko allura kuma ta ƙara wata kariya ta kwana 7. Niyostigmin kuwa yana da iyaka, ba ya fitar da mutum daga shanyewa mai zurfi komai yawansa. Ko da wanne kika warware, sai ƙarfin bugu na huɗu ya kai 0.9 na na farko kafin ki cire bututu.

Akwai wata magana da muka gada, wai suks ya fi aminci domin idan bututu ya ƙi shiga zai sake, majinyaci ya ci gaba da numfashi. Na taɓa faɗinta a gwajin baka da cikakken ƙarfin gwiwa. Malamin ya dube ni ya ce, mai juna biyu ce kuma mai jiki, minti nawa oksijin ɗinta zai kai ta? Bakina ya mutu. Tun 1997 lissafin Benumof da abokan aikinsa ya nuna oksijin na faɗuwa zuwa matakin haɗari kafin suks ya gama saki. Sugamadeks 16 ya fi sakin suks sauri, gaskiya ne, amma shi ma kar ki jingina da shi. Mai kilo 70 na buƙatar miligiram 1,120, kwalba shida kenan ta masu 200, sai an nemo, an fasa, an zuƙa. Ko tsoka ta dawo, maganin barci da na kashe zafi na nan, kumburin da ya toshe hanya bai tafi ba. Idan ba bututu ba shaƙa, jagorar ƙungiyar wahalar hanyar numfashi ta Birtaniya ta 2015 cewa ta yi a tabbatar tsoka a sake take, a buɗe hanyar numfashi ta gaban wuya.

Ni dai idan sugamadeks na kusa, rok 1.2 nake ɗauka a mafi yawan lokuta, don jerin waɗanda suks zai cutar ya yi tsawo, kuma a gaggawa ba kullum ake samun cikakken tarihi ba. Amma suks bai yi ritaya ba. Yaron da maƙogwaronsa ya ɗame kuma ba hanyar yi masa allura ta jijiyar jini, miligiram 4 ga kilo a tsoka shi ne mafita. Jinyar lantarki ta masu ciwon ƙwaƙwalwa, mai ɗaukar mintuna kaɗan, har yau da shi ake yi. Inda babu sugamadeks kuma aikin gajere ne, shi ma hujjarsa na da ƙarfi.

Na kusa mantawa da mayasteniya, ciwon raunin tsoka, kuma da wuya a bar ta. Makarɓai sun ragu, don haka suks ba ya kamawa da sauƙi sai an ƙara adadi, rok kuwa ɗan kaɗan ya isa ya shanye mutum. Mai ciwon Lambat-Iton, wani ciwon raunin tsoka na daban, duka biyun ne ke yi masa yawa.