Sharhi kan tsarin Do Not Disturb na wayar Android

Daga cikin abubuwan da ke zuwa da wayar Android ba tare da an biya ko sisi ba, tsarin Do Not Disturb (wato “kada a dame ni”, mai sa waya ta yi shiru) ne nake ganin ya fi cancantar a san shi, musamman ga wanda ba ya son wayarsa ta ɓarke da ƙara a tsakiyar sahu ko a ɗakin majinyata. Kamfanin Apple ya sanya shi a iPhone a shekarar 2012, Google kuma ya fito da nasa da wannan suna a Android 6 a 2015, saboda haka ana samun sa a wayoyin Tecno, Infinix da Samsung da ke hannun jama'a a yau.

Fifikonsa a kan kashe ƙarar waya gaba ɗaya shi ne yana ba mutum damar zaɓi. Ana iya ware lambobin iyaye da iyali domin kiransu ya shigo da ƙara, na sauran jama'a kuma ya shigo shiru, a tarar da shi a rubuce daga baya. Ana kuma iya sa masa rana da lokaci, misali ya kunna kansa kowace Juma'a kafin huɗuba ya kashe bayan an idar, wanda hakan ya raba mutum da laluben aljihu ana cikin ruku'u.

Sai dai akwai wani zaɓi a cikinsa da bai dace da ɗabi'armu ba. Idan an bar shi a kunne, duk wanda ya sake kira cikin minti 15 kiransa zai shigo da ƙara, domin masu tsarin sun ɗauka cewa sai da larura ake maimaita kira. A nan kuwa, mai son tambayar farashin buhun shinkafa ma sai ya jera kira biyar babu ƙaƙƙautawa, don haka shawarata ita ce a kashe wannan zaɓi tun ranar farko, a dogara da lambobin da aka ware.

Jadawalinsa ma agogo yake bi, ba ya matsawa da lokutan salla, dole mai waya ya riƙa gyara na Asuba da Magariba da kansa idan yanayi ya juya. Haka nan bai cika taɓa sautin bidiyo da saƙon murya ba sai an umarce shi, ga shi kuwa yawancin abin da ke damun fasinjoji a motar haya daga nan yake fitowa, ba daga kira ba. Ga wannan matsala, abin sauraro na sawa a kunne mai rahusa daga kasuwar Farm Centre ta Kano ya fi shi amfani.