Ɗakin shaho ba akurki ba ne: aikin da wani mai walda ya yi mini a Katsina

Tun ranar da na saka hoton ɗakin nan a Facebook, mutum huɗu suka tambaye ni wa ya yi aikin, nawa ya ci, kuma ko su ma su je wurinsa. Amsar ba ta layi ɗaya ba ce, shi ya sa na zauna na rubuta. Ba zan kama sunan mai waldar ba, don akwai inda zan taɓa shi, kuma mutumin kirki ne.

Shekara shida na yi a Doha, babban birnin Ƙatar, ina tuƙa wani Balarabe mai kiwon shaho. A matsayin direba aka ɗauke ni, amma direban mai shaho ba ya tsayawa a sitiyari. Ni ke yanka nama, ni ke wanke turken da tsuntsayen ke zama a kai, ni ke kai tsuntsayen asibitinsu da ke kasuwar Suk Waƙif in zauna a layi da tsuntsu a hannu kamar mai jego ta kai yaro riga-kafi. Can na ga yadda suka ɗauki abin: shaho da fasfo ɗinsa, da kujerarsa a jirgi. A 2010 ma hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa farauta da shaho cikin al'adun duniya da ake kiyayewa. Mu nan kuwa shaho ɓarawon 'yan tsaki ne kawai, wanda ake ambata a karin maganar zakaran da Allah ya nufa da cara.

Watan Janairu 'yan tantabarar unguwarmu suka kama wata da tarko, wai ta ishe su da ɗauka. Fiffikenta na hagu ya bugu, kuma niyyarsu su kai ta wurin masu saye don haɗa magani. Ina ganin keyarta mai ja-ja da ɗan baƙin layin da ya sauko ƙarƙashin idonta na gane irin da Larabawa ke kira wakri ce, mace, don macen ta fi namijin girma nesa ba kusa ba. Na fanshe ta. Na ɗora a sikeli, giram 690. Yarana suka sa mata suna Daurama. Kada wani ya karanta wannan ya tafi neman ɗan shaho a sheƙa ko a kasuwa: tun 1985 Najeriya ke da dokar da ta tsare cinikin namun dajin da ke fuskantar ƙarewa, kuma ni jinya nake yi, ba fatauci ba.

To, sai wurin ajiya. Na zana abin da nake so a bayan katin biki: tsawo ƙafa 10, faɗi ƙafa 8, bango uku a rufe ruf, gefe ɗaya kuma taga mai sanduna a tsaye, tsakaninsu bai fi yatsa biyu ba. Ƙofa biyu, ta waje da ta ciki, kamar zaure, don ka rufe ɗaya kafin ka buɗe ɗayar. Mai waldar ya juya katin, ya sake juyawa.

"Alhaji, mi za a sa ciki? Kura?"

Na ce shaho. Yaran shagon suka fashe da dariya. Muka yi ciniki a kan naira 240,000 har da kayan aiki, na ba da kafin alƙalami 150,000, ya ce kwana goma. Kwana 24 ya yi. Wuta, janareto, rasuwa a ƙauye, duk na ji. Wanda ya taɓa ba da aikin walda ya san wannan karatun, ba sai na ja shi ba.

Bari in ba shi haƙƙinsa. Mutumin ya iya ƙarfe. Na bi kowace gaɓa da tafin hannu ina neman tsini, ban samu ko ɗaya ba, duk ya goge su sumul. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don tsuntsun da ya firgita ba ya duba inda zai faɗa. Ƙofofin suna rufuwa ba sai ka sa kafaɗa ba. Ya kuma kawo shawarar da ni ban yi tunaninta ba, cewa a zuba siminti a zagaye gindin ɗakin, a nitsa shi cikin ƙasa kamar ƙafa ɗaya, saboda gafiya da tunku masu haƙa. A Doha ban san wannan matsalar ba, can na'urar sanyaya ɗaki ce damuwarsu. Wurin kafawa ma sai da muka yi gardama, kuma shi ya yi gaskiya. Ni gabas na so tagar ta kalla don hantsi. Ya ce, "Alhaji, ka daɗe a ƙasar Larabawa. Hadarin garin nan daga ina yake tasowa?" Na yi shiru. Gabas hadari, yamma ranar la'asar, arewa maso gabas iskar hunturu. Muka juya ta kudu, ƙarƙashin bedin da ke bayan gida, itacen da Kanawa ke ce wa darbejiya.

Inda aka samu matsala shi ne kyautar da ya yi mini.

Ranar da suka zo haɗawa ina Funtuwa wurin ɗaurin aure. Shi a ganinsa sanduna kaɗai ba su isa ba, sai ya bi ta ciki ya shimfiɗa ragar waya irin ta kejin kaji, kyauta, bai ƙara ko sisi ba. Ya kuma gitta bututun ƙarfe daga bango zuwa bango, ya shafe shi da koren fenti, wai wurin zama. Ƙanena ya ga ɗaki ya yi kyau, ya ɗauko Daurama daga shagon da take, ya cire mata hular da ake rufe mata ido da ita ya sake ta ciki. Kwana ɗaya kawai ta yi.

Da na dawo da safe na same ta maƙale a jikin ragar, ƙafafu a sama, jela a tokare cikin ramukan waya. Abin da ke faruwa ke nan, kuma shi ya sa masu shaho a ko'ina ba sa yarda da raga. Sanda a tsaye ba ta da wurin kamawa, in tsuntsu ya faɗa mata sai ya zame ya koma mazauninsa. Raga kuwa tsani ce. Yana kamawa ya rataya, ya dinga bugun fiffike, wayar tana cin gashin kamar zarto. Cikin gashin jela goma sha biyu, biyu sun karye, sauran bakinsu ya yi buzu-buzu. Fatar saman bakinta, inda ƙofofin hanci suke, ta saluɓe har da jini. Kaza in ta rasa gashi biyu ko a jikinta. Shaho da jela yake juyawa, da ita yake taka birki, kuma gashin da ya karye ba ya tsirowa sai lokacin zubar gashi ya zagayo, sau ɗaya a shekara.

Guda ɗaya na tsinci guntunsa a ƙasa, na yi masa ɗori yadda na ga ana yi a asibitin can: na fiƙe siririn tsinken gora, na shafa gam, na zura rabi cikin kututturen da ya rage a jikinta, rabi cikin guntun, na daidaita kafin ya kama. Su can akwatuna gare su cike da gashin da aka tara, kowane iri da lambarsa. Ɗayan ya dagargaje, sai haƙuri.

Bututun ma bai da amfani. Shaho yini yake a tsaye, nauyinsa duka a tafin ƙafa. Abu mai santsi da tauri yana danne wuri ɗaya kullum har tafin ya kumbura ya yi ƙurji, ciwon da kan ɗauki watanni ana fama, wani lokaci ya gama da tsuntsun. Ga shi ƙarfe ne, a garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu. Irin su wakri ma sukan zauna a kan dutse a daji, wuri mai faɗi suka fi so.

Na je shagon raina a ɓace. Da farko ya tsaya kan bakansa, wai shekara ashirin yana yin keji ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Na nuna masa hoton fuskarta a waya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wa yaronsa ya ɗauko inji. Kafin azahar sun yanke ragar da bututun, sun goge wuraren, bai karɓi ko kuɗin mai ba. Har ya tsaya ya ga yadda na kafa turke: guntun icce mai faɗin faranti, an lulluɓe samansa da kafet ɗin ciyawar roba, irin wanda ake shimfiɗawa a filin ƙwallo. Na ƙara kanta ta katako a kusurwa, ita ma da kafet.

Sauran gyaran ni na yi, kuma duk mai shirin irin wannan ya sa su cikin lissafi tun farko. Rufin kwano zalla tanda ce, sai da na ɗora zana biyu a sama na bar iska tsakani. Ƙasa yashin gulbi da tsakuwa na zuba. Wani maƙwabci ya kawo mini buhun ƙaiƙayi, na gode masa na ba awaki, don ƙaiƙayi da dusar katako in suka jiƙe suna yin fumfuna, ita kuwa huhun shaho take kamawa. Kwatarniya na ajiye mata ta wanka, ruwa iya cinya. Hula da dabaibayin ƙafa da safar hannu wani tsohon baduku ya ɗinka mini da fatar akuya, kuma aikinsa ya isa a yi masa rubutu na daban.

Cikin goma na ba mai waldar bakwai. In za ka je wurinsa, ka zana komai, ka faɗa masa abin da ba ka so kamar yadda ka faɗi wanda kake so, kuma ranar haɗawa ko bikin wa ake yi ka tsaya a kansu. Daurama yanzu giram 740 take, fatar hancin ta warke, tana tashi daga turke zuwa kantar katakon ba tare da fiffiken ya saki ba. In ta gama zubar gashi na ga jelar ta cika, can wajen duwatsu zan kai ta, nesa da 'yan tantabara. Sakatar ƙofar ciki ce har yanzu take cijewa in an yi ruwa. Ya ce zai turo yaro ranar Laraba. Yau Asabar.