Inda nake saya wa ɗana abinci a Aboabo hankalina kwance

Shekara 11 ke nan da aure ya kawo ni Kumasi daga Kano, kuma 4 daga cikinsu na yi su ne ina tsoron abincin waje. Ɗana na biyu jikinsa ba ya karɓar gyaɗa. Ba tsirfar yara ba ce. In ta shiga bakinsa, ko da ɗan yajin tsire ne, nan da nan borin jini zai feso masa, leɓɓansa su kumbura, numfashinsa ya koma kamar ana hura usur. Yana ɗan shekara 3 muka kwana a asibitin Komfo Anokye, wanda mutanen gari ke ce wa Gee, kuma allurar adirinalin ce Allah ya sa ta buɗe masa maƙogwaro. Likitar ta zaunar da ni ta ce maganin ƙaiƙayi fata kawai yake kwantarwa, in na ga numfashi ya canza kada in tsaya neman komai, in nufo asibiti.

Abin da ya kai mu asibitin nan kalma ɗaya ce. A gidan suna ne. Da ma na fara zargin gyaɗa, don haka na tambayi yarinyar da ke zuba miya, "Akwai gyaɗa a ciki?" Ta ce babu. Ba ƙarya ta yi mini ba, kalmar ce ba ta sani ba. Hausar Zango gujiya take cewa. Ni kuwa a gidanmu gujiya wata aba ce dabam, ƙwayar nan mai ƙwalo-ƙwalo da ake dafawa, wadda a nan suke kira aboboi. Hausa muka yi ni da ita, amma ba mu ji juna ba.

Shi ya sa nake son in yi bayanin gidan abincin da nake saya masa abinci a cikinsa dalla-dalla, don na san ba ni kaɗai ce uwar da ke cikin wannan hali ba.

Wurin ba shi da allo, kowa "wajen Hajiya" yake cewa. Rumfar kwano ce da aka kewaye da bulo zuwa ƙugu, teburi 5 da benci, a wani layi tsakanin Aboabo da Asawase. Daga kasuwar Kejetia trotro ɗaya ne, wato motar haya. Uwar mijina ce ta tura ni, ta ce in je in yi wa mai wurin bayani da bakina.

Na same ta tana juya miya. Bayan mun gaisa na ce, "Hajiya, yarona ba ya cin gujiya." Sai ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Ɗiyata, ba ya ci ne, ko ba ta karɓarsa?"

Tunda nake yawon sayen abinci a garin nan ba wanda ya taɓa mayar mini da wannan tambaya. Na ce ba ta karɓarsa, har asibiti mun kwana. Ta ce in biyo ta. Tukunya-tukunya ta riƙa buɗe mini. "Wannan miyar tuwon shinkafa ce, gujiya zalla, kada ma ya tsaya kusa da ita. Wannan ayoyo ce, babu komai sai daddawa da kifi. Wannan ta yakuwa na ɗan sa mata don ta yi kauri, ido ba zai gani ba, amma tana ciki." Da na tambayi mai, ba ta amsa da baki ba, sai ta sa aka ɗauko galan ɗin na karanta da kaina. Sannan ta ƙara da abin da ban ma tambaya ba: ƙosan safe da man ƙuli ake soya shi, don haka ƙosai ba nasa ba ne, haka ma duk abin da ya shiga wannan kasko. Da ma likita ta gargaɗe ni a kan man ƙuli na gida, don ba a tace shi yadda ake tace na kamfani ba, abin da ke tayar da ciwon yana nan a cikinsa.

Sai maganar ludayi, wadda ita ce ta fi kwanta mini. A yawancin wurare ludayi ɗaya ne ke yawo, ya fito daga miyar gujiya ya faɗa miyar manja, mai sayarwa kuma ta rantse miki babu gujiya a ciki, ita a ganinta gaskiya ta faɗa. A wajen Hajiya ludayin miyar gujiya an ɗaure masa jan ƙyalle a mariƙi, kuma tukunyarsa na can ƙarshen layi. Na sha tsayawa ina lura lokacin da mutane suka yi yawa, ban taɓa ganin jan ƙyallen ya ƙetara wata tukunya ba.

'Yan aikinta uku ne, kowacce da harshenta. Ɗaya 'yar Asante ce, ɗaya Badagomba ce daga wajen Tamale, ta ukun Kotokoli ce daga Togo, tana jin Hausa da Faransanci. Dukkansu suna iya ciniki da Hausa, amma ranar nan Hajiya ba ta yarda da Hausar ciniki ba. Ta kira su ɗaya bayan ɗaya, ta dafa kan yaron, ta faɗa wa kowacce sunan abin a harshen da ta sha a nono: nkate ga 'yar Asante, sima ga Badagomba. Ta Togo kuma ta yi mata da Hausa a hankali, yarinyar ta gyaɗa kai ta ce "arashid", Hajiya ta ce ta maimaita abin da zai faru in ya ci. Sai da ta faɗa daidai aka sallame ta.

A wurin 'yar Asanten nan na koyi abin da ya fi yi mini amfani a cikin gari. Da, in na shiga Adum ko kasuwar Kejetia, cewa nake "Mepa wo kyɛw, nkate wɔ mu anaa?", wato don Allah akwai gujiya a ciki. In aka ce akwai, sai in ce "ɔnni nkate", ba ya cin gujiya. Amsar da nake samu kusan kullum ita ce "kakra pɛ", ɗan kaɗan ne kawai, ana murmushi ana ci gaba da zubawa. Yarinyar ta ce mini in daina cewa ba ya ci, don Ba'asante zai ɗauka ba ya so ne. In ce "ɔkyi nkate". Wannan kalma ta abin da aka hana mutum ce, irin wanda zuri'a ko jikin mutum ya haramta masa, akyiwadeɛ suke ce masa, kuma ba su wasa da shi. Na gwada a wajen wata mai kelewele, wato soyayyar ayaba mai yaji, wanda da ma da soyayyar gujiya ake haɗa shi. Ina faɗa ta janye hannunta, ta wanke shi, ta ɗauko sabuwar takarda. Duk da haka ban saya ba, don gujiyar na tire ɗaya da ayabar, amma na ga yadda kalmar ta shiga.

Yanzu akwai ɗan kati a jakar makarantarsa. Na rubuta gyaɗa, gujiya, nkate, sima, na ƙara nkatiɛ na Ga da azi na Ewe saboda zuwanmu Accra wajen kawunsa a Nima, sai lambar agajin gaggawa 112 a ƙasa.

Shi kansa abincin fa? Waakye ɗinta, wato shinkafa da wake, ya nuna, ba ya caɓewa, jansa na karan dafi ne na ainihi, kuma ba ta cika masa kanwa. Da taliya da garin rogo da ƙwai da ganda, na sidi 35 yana ƙosar da ni. Tuwon zafinta mai laushi ne, yana da ɗan tsamin nan da ake so, miyar ayoyo na yauƙi yadda ya kamata. Miyar manjarta ta ɗan yi mini mai da yawa. Shito ɗinta kuwa, wato soyayyen barkonon da ake sa wa abinci, na gida ne, baƙi wuluk, yaji ya ji, kifi ya ji. Babu gujiya a ciki, amma akwai jatan lande, kuma ita da kanta take faɗa, don tana da wani mai saye wanda jatan lande ba ya karɓarsa. Surukina mai hawan jini ma a nan ake yi masa sayayya: in aka aika tun da safe, takan ɗebar masa miya kafin ta sa gishiri da dunƙule na ƙarshe.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma dole in faɗa. Wurin matsattse ne, zafin murhu na dukan masu zama, ni dai na fi son a ƙulle mini in tafi gida. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci layi na kaiwa bakin kwata, a irin wannan lokaci ba wanda ke da sukunin amsa doguwar tambaya. Babu komai a rubuce, duk ilimin tukwanen nan a kan Hajiya yake. Sau biyu na je na tarar ta tafi gaisuwar mutuwa, yaran sun yi iya ƙoƙarinsu, amma da na tambayi abin da aka sa a miyar kuka suka dubi juna, sai na juya ban saya ba. Na roƙe ta ta sa a rubuta ko da a jikin kwali ne, ta ce za ta sa jikanta ya yi, har yau dai ban gani ba. Mai chichinga, wato tsire, da ke kafa tukuba a ƙofar wurin da yamma kuma ba nata ba ne, yajinsa garin ƙuli-ƙuli ne kamar na kowane mai tsire, in iska ta kaɗo har kan benci yake sauka. Shi ya sa ba ma wuce ƙarfe 4. Lahadi kuwa ranar tuwon shinkafa da miyar gujiya ce a ko'ina, ranar ba ma zuwa sam.

Litinin ɗin da ta wuce muka biya bayan an tashi daga makaranta. Yarinyar Togo ta zuba waakye, ta kai cokali za ta sa shito, sai Hajiya ta ɗaga murya daga kujerarta ta ce ta dakata. Nata ya ƙare jiya, wannan saro shi ta yi a wajen wata mata. "Ɗiyata, ban san hannun da ya yi shi ba, ba zan ce miki babu ba." Ta tashi da kanta ta wanke asanka, kaskon niƙan nan na ƙasa, ta niƙa ɗanyen barkono da tumatir da albasa a gabana, ta zuba masa a gefe. Akwai mutum 6 a bayanmu suna jira, ta ce su yi haƙuri. Yaron ya zauna a bakin benci ya cinye tas yana shan iska saboda yaji, ya ce a ƙara masa ganda.