Sauke -O2 ko komawa Clang: amsa ga ɗan'uwanmu na Agege

Ɗan'uwa, ka ce kana haɗa wata buɗaɗɗiyar manhajar C++ a Ubuntu, GCC, wato kamfailar da ke juya rubutun manhaja zuwa abin da kwamfuta ke iya gudanarwa, ya tsaya da "internal compiler error", kana tambaya ko ka sauke -O2 (tutar da ke sa kamfaila ta ƙara wa manhaja sauri) ko ka koma Clang, wata kamfailar daban.

Fara sake karanta saƙon. In ka ga "Killed signal terminated program cc1plus", ba laifin GCC ba ne, RAM ce ta cika Linux ya kashe aikin. Laftof mai 4GB irin wanda muke saye a Computer Village ba ya jure make -j8, wato haɗa fayiloli takwas a lokaci guda. Koma -j1, ɗaya bayan ɗaya, ko ka ƙara swap, wato wurin diski da ke agaza wa RAM in ta cika. In kuma kowane gwaji a fayil daban yake faɗuwa, zargi zafi ko RAM mai lahani, domin tangarɗar kamfaila ta gaske wuri guda take komawa.

To, in ta gaske ce, ni dai na fi son sauke -O2, amma a kan fayil ɗin da ya faɗi kaɗai. A CMake, manhajar tsara gini, set_source_files_properties zai ba ka damar sa masa -O1 ko -O0 da ke ƙasa da -O2, sauran manhajar ta ci gaba da saurinta. Wanda ya fi wannan kyau shi ne ka gano wane mataki ne cikin matakan -O2 ke jawo matsalar, ka kashe shi da tutar -fno- tasa. Haka Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya yi a 2014 da GCC 4.9.0 ya ɓata wani sashe na Linux: ya ƙara -fno-var-tracking-assignments, bai bar GCC ba. Illar hanyar ita ce mantuwa. Ɗaure gyaran da lambar sigar GCC, in ba haka ba zai zauna shekaru bayan an gyara tangarɗar.

Clang kuwa ba wuya: ka sa CC=clang CXX=clang++, ka share tsohon ginin ka sake daga farko. Sai dai za ka ƙona data wajen sauke shi, ka sake haɗa komai da sauran cajin da NEPA ta bar maka, kuma in manhajar ta dogara da wasu abubuwan GCC kaɗai, sababbin kurakurai za su fito. Na fi amfani da shi a matsayin shaida: in Clang ya wuce lafiya, zargin GCC ya ƙara ƙarfi.

Ko wacce ka ɗauka, sa -freport-bug ka samu fayil ɗin rahoto, ka rage shi da manhajar C-Vise, ka tura Bugzilla, shafin kai rahoton tangarɗa na GCC.