Gwajin jinin NIPT na masu ciki, ra'ayina bayan na yi

Gaskiya gwajin nan ya kwantar min da hankali sosai. Jini kawai suka diba a hannu, babu allurar da ake sokawa a ciki, kuma tun daga sati 10 ana iya yi. Abin da ya burge ni shi ne bayanin likitar, ashe mabiyiya tana zubo ƴan gutsattsarin DNA, wato sinadarin gadon halitta, cikin jinin uwa, su ake dubawa a ga ko akwai alamar matsalar kromosom (ƙunshin DNA a cikin ƙwayar halitta) mai lamba 21, 18 ko 13 a jikin ɗan tayi, wani masanin kimiyya mai suna Dennis Lo ne ya gano DNA ɗin ɗan tayi a jinin uwa a 1997.

Na tambaye ta batun microRNA, wasu ƙananan sinadarai na mabiyiya da nake ta karantawa, wanda aka gano a jinin masu ciki a 2008, ko zai nuna hawan jinin ciki tun da wuri, ta ce har yanzu bincike ake, bai shigo gwajin asibiti ba. Na so ace ya shigo wallahi, jijjiga tana cinye mana mata.

Inda ban ji daɗi ba, jiran sakamako akwai tashin hankali. Kuma ƴan uwa ku sani tantancewa ce kawai, in ya nuna haɗari sai an sake wani gwajin a tabbatar, awo da sikanin ma kar a fasa.